Sharhi a kan wani wurin shawara na Kirista a Zariya, daga bakin tuzurun da ya zaɓi zama haka

Tun kafin a fara tambayata bari in faɗa, ba zan ambaci sunan wurin nan ba, ba zan faɗi unguwa ba, lambar waya kuwa kar ma wani ya wahalar da kansa ya biyo ni ta bayan fage. Na san sharhi ba suna abu ne bambaraƙwai amma duk wanda ya san Zariya ya san dalili. Kiristocin garin nan ba mu da yawan da mutum zai ɓace a ciki, daga Wusasa inda mishan ta koma tun 1929 zuwa Sabon Gari zuwa Samaru da Basawa kusan kowa ɗan uwan wani ne ko surukin wani ko sun yi kwaya tare, magana in ta fita da safe kafin la'asar ta isa kunnen gwaggonka. Kuma nan ne garin da a Afrilun 2017 aka kama mutum 53 a wani otal aka kai su kotu bisa zargin bikin auren jinsi, su kuma ta bakin lauyansu suka ce bikin zagayowar ranar haihuwa ne. Toh wanda ya ga wannan da idonsa ba sai an koya masa kama baki ba.

Ni namiji ne, na haura talatin, a coci aka haife ni a coci na tashi, kuma tun ina ɗan saurayi sha'awata ga maza take, ban taɓa jin ta ga mace ba ko na rana ɗaya. Yadda na fahimci Littafi Mai Tsarki, kwanciya ta aure ce tsakanin mace da namiji, dan haka na yanke zan zauna haka, ba aure ba kuma neman kowa. Ban zo muhawara ba, masu cewa na takura wa kaina a banza na ji ku, masu cewa ai ko jin abun a zuciya ma ya isa ya kai ni wuta ku ma na ji ku, abun da na zo yi shine in faɗi ko wurin nan ya cancanci kuɗin mutum da lokacinsa in yana cikin irin halin da nake.

A taƙaice eh ya cancanta, amma da gyara a wurare da dama.

Mai wurin wata dattijuwa ce, kowa Mama yake ce mata, ta yi aikin asibiti shekaru da yawa kafin ta yi ritaya ta ƙaro karatun ba da shawara, kuma takardun nata suna rataye a bango ba wai labari ba. Yawancin masu zuwa wajenta masu shirin aure ne da ma'auratan da suka samu saɓani da iyayen da yaransu suka faɗa shaye-shaye, wannan ma wani rufin asiri ne dan in an ganka a ƙofar ba wanda zai san me ya kawo ka, ƙarshenta a ɗauka ka samu mata ne har a fara yi maka barka. Zama ɗaya awa guda ne, naira 8,000, ɗalibi tana rage masa in ya yi magana. Ɗaki ne ɗan madaidaici, kujeru biyu masu kushin, fanka, tagar ba ta kallon hanya. Ba sakatare a ciki, ba mai shigowa da shayi ana tsakiyar magana.

Abu na farko da ya sa na yarda da ita, kafin in buɗe baki ita ta fara gaya min iyakar sirrin. Ta ce ɗana, duk abun da ka faɗa a ɗakin nan ya mutu a nan, fastonka ba zai ji ba, iyayenka ba za su ji ba, mijina ma ba zai ji ba, sai abu biyu kawai, in na ga kana shirin kashe kanka ko kashe wani, ko in akwai ƙaramin yaro da ake cutarwa, nan kam ba zan yi shiru ba kuma ina gaya maka tun yanzu. Ba ta rubuta cikakken suna a littafinta, lamba take ba mutum, littafin kuma takarda ce a durowa mai makulli ba kwamfuta ba. Wayarta a kashe take ajiye ta a kan tebur kana gani, ta ce kai ma ka kashe taka. Wanda bai taɓa jin an ɗauki sirrinsa an mayar da shi kan addu'a a taron tsakiyar mako ba, ana cewa mu tuna da wani ɗan'uwa da Shaiɗan ya ɗaure alhali kowa ya gane wa ake nufi, ba zai san darajar wannan ba. Ni an taɓa min a wata majami'a da na bari tuntuni.

Abu na biyu, ba ta sayar da waraka. Wannan shine babban bambancinta da duk wuraren da na sani. Kasuwar nan cike take da masu dilibarans, azumin kwana kaza ba ci ba sha, man zaitun a goshi, a tura ka ƙasa ana ihu a kunnenka aljanin Saduma ya fita, ka tashi da ciwon wuya ka koma gida yadda ka zo sai dai ƙarin jin cewa kai Allah ya ƙi. Da na tambaye ta kai tsaye ko za ta iya sa in canza, cewa ta yi ita ba ta iyakance ikon Allah amma ba za ta karɓi kuɗina a kan alkawarin da ba a hannunta yake ba. Ita ta ba ni labarin Exodus International, babbar ƙungiyar Kirista a Amurka da ta shafe kusan shekara 37 tana cewa ana iya juya mutum, shugabanta Alan Chambers ya fito a 2012 ya ce kashi 99.9 na mutanen da ya sani ba su canza ba, a 2013 ya nemi gafara aka rufe ƙungiyar. Ta kuma ce a matsayinta na ma'aikaciyar lafiya ba za ta kira abun cuta ba tunda Hukumar Lafiya ta Duniya ta cire shi daga jerin cututtuka tun 17 ga Mayu 1990, maganar zunubi da ba zunubi ba wannan fagen bangaskiya ne kuma a nan za mu yi ta, amma ba allura ba ƙwaya.

Sai maganar aure, wadda ita ce shawarar da kowane dattijo yake da ita a aljihu, ka yi aure kawai zai wuce. A nan ne na ga ranta ya ɓaci sosai. Ta ce aure ba maganin zazzaɓi ba ne da za a rubuta wa mutum ya je kemis ya saya, yarinyar da za a ɗauko 'yar wasu ce, ita ma tana so a so ta da gaske, kuma ba tare da ta kama sunan kowa ba ta ce a kan kujerar da nake zaune matan aure sun sha zama suna kuka suna tambayar me ya same su da miji ba ya kallonsu, suna zargin jikinsu suna zargin sammu suna zargin dangin miji, alhali gaskiyar tana wani wuri daban. Ba ta ce haramun ne mai irin halina ya yi aure ba, ta ce in zai yi toh matar ta san komai tun kafin a kai kayan tambaya, ta zaɓa da idonta a buɗe. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi inji ta.

Amma inda kuɗina ya fi fita shine wani wajen da ban zata ba. Ni na shiga da tunanin duk zaman za mu yi shi ne a kan sha'awa da yadda ake danne ta, sai ga shi mafi yawan lokacin a kan kaɗaici muka ƙarar da shi, kuma ba kaɗaici na waƙa ba, na zahiri. Tambayoyinta irin na nas ne. In zazzaɓi ya kayar da kai ƙarfe biyu na dare wa za ka kira ya kai ka asibitin koyarwa na Shika. Sunan wa kake rubutawa a fom inda aka ce makusanci. Ranar Lahadi in an tashi daga sujada kowa ya kwashi iyalinsa a mota ko a Keke, kai ina kake cin abincin rana. Kirsimeti ina kake yi, kuma kana zuwa ne a matsayin baƙo da aka tausaya wa ko ɗan gida da in bai zo ba za a neme shi. In ka kai sittin wa zai san ka kwana biyu ba ka fito ba. Gaskiya ranar da ta jero min su na kasa amsa fiye da rabi, kuma ta ce min yawancin waɗanda suka ɗauki irin alkawarina suka karye ba ƙarfin sha'awa ne ya karya su ba, ɗakin da ba kowa ne da yammacin Lahadi.

Sai ta sa ni aikin gida, kaman ɗan makaranta. In zana mutanen da ke rayuwata a takarda, na kusa da na nesa, in ga inda ramuka suke. In zaɓi gidaje a coci da zan riƙa shiga da gaske ba gaisuwar bakin ƙofa ba, in kai yaransu makaranta in an matse, in je asibiti in an kwantar da nasu, in karɓi zama uban baftisma in an roƙe ni kuma in riƙe abun da muhimmanci ba hoto kawai ba, in riƙa dafa abinci ina kiran mutane maimakon jira a kira ni. In nemi abokai maza na ƙwarai fiye da ɗaya dan kar in ɗora duk nauyin zuciyata a kan mutum guda har abun ya rikiɗe ya zama wani abu ko shi ya gaji ya gudu. Har maganar kuɗi ta shiga, fili, adashi, inshorar lafiya, ajiyar tsufa, dan mu nan 'ya'ya ne fanshon mutum kuma wanda ba zai haifa ba dole ya yi lissafinsa da wuri, ga kuma dangi da suke ganin tuzuru ba shi da hidima dan haka duk kuɗin makarantar 'ya'yan 'yan'uwa a kansa zai sauka. Ta koya min yadda ake cewa wannan zan iya wannan ba zan iya ba, ba tare da an ɓata ba.

Ta ɓangaren Nassi ba ta ɓoye ayoyin da kowa ya sani ba, Romawa 1 da 1 Korintiyawa 6 da ake kafa hujja da su a kan kwanciyar jinsi ɗaya duk mun karanta kuma matsayinta na gargajiya ne ba ta lanƙwasa shi ba. Amma ita ce mutum ta farko da ta zaunar da ni a kan sauran. Matiyu 19:12 inda Yesu da bakinsa ya yi maganar waɗanda suka bar aure saboda Mulkin Sama. 1 Korintiyawa 7 inda Bulus ya ce da so samu ne kowa ya zama kamarsa, marar aure. Ishaya 56 inda aka ce kada baban, wato namijin da aka dandaƙe, ya kira kansa busasshen itace, Allah zai ba shi suna a gidansa wanda ya fi na 'ya'ya maza da mata. Bahabashen nan na Ayyukan Manzanni 8, shi ma baban ne, da Filibus ya yi wa baftisma a hanya ba tare da wani dogon bincike ba. Da Markus 10:29 zuwa 30, alkawarin cewa wanda ya bar gida da iyali saboda bishara zai samu ninki ɗari na 'yan'uwa da iyaye da 'ya'ya tun a wannan zamani, ta ce wannan alkawarin ikilisiya ce aka ɗora wa cika shi kuma yawancinmu mun ci bashin. Ta kuma raba min jaraba da zunubi da Ibraniyawa 4:15, an jarabci Almasihu ta kowace hanya bai yi zunubi ba, dan haka tashi da safe da jin abun da ban gayyato ba ba shi ne faɗuwa ba. Shekaru ina tuba a kan abun da ban aikata ba, har na daina zuwa cin jibin Ubangiji na wani lokaci, ba wanda ya taɓa min wannan bayanin.

A nan bari in ɗan kauce, dan abun yana ci min rai. Addinin da Mai Cetonsa bai yi aure ba, babban manzonsa Bulus bai da mata, amma tsarin cocinmu ba shi da kujerar marar aure. Akwai zumuntar mata, akwai zumuntar maza wadda a aikace ta magidanta ce, akwai matasa. Kai mai shekara 38 da furfura ta fara leƙowa kana nan cikin matasa da yaran da ka koyar a Sande Sukul, ana aikenka ɗauko benci. Zaɓen dattawa in ya zo ba a ma kawo sunanka. 'Yan Katolika sun ɗan fi mu a nan tunda suna ganin fada da sista kullum, rashin aure ba baƙon abu ba ne a idonsu, kuma katekizim ɗinsu a sakin layi na 2358 da 2359 ya ce a karɓi irinmu da mutunci da tausayi, a guji nuna bambanci na zalunci, mu kuma an kira mu ga kamun kai. Mama tana da kwafin wannan, tana kuma da na ƙudurin Lambeth na 1998 mai lamba 1.10 wanda bishop-bishop na Angilikan suka amince da shi da ƙuri'a 526 a kan 70. Kowa ya haddace rabin da ya ce aure na mace da namiji ne, amma a cikin takardar nan ɗaya an yi alkawarin sauraron masu wannan hali, an ce Allah yana ƙaunarsu, an ce duk mai bi da aka yi wa baftisma cikakken gaɓa ne na jikin Almasihu. Wannan rabin ban taɓa jin an karanta shi a bagade ba. Abun da ya iso kunnenmu shine irin wasiƙar da Akbishop Henry Ndukuba, shugaban Cocin Angilikan na Najeriya, ya fitar a 2021 inda ya kira abun ƙwayar cuta mai kisa, har Justin Welby, Akbishop na Kantabari a Ingila a lokacin, ya fito ya ce wannan harshe bai dace ba, kuma abun da ya tayar da maganar tun farko wata wasiƙa ce da wasu 'yan Angilikan na Amurka masu riƙe da koyarwar gargajiya suka rubuta wa irinmu. Wato ko ka kame kanka ma ba ka tsira ba.

Mu koma kan sharhi. Matsin gida, nan ma ta yi ƙoƙari. Ba ta yarda da ƙarya ba, irin ta akwai wata a Jos muna magana, dan ta ce ƙarya tana bukatar ciyarwa kullum kuma wata rana za a ce kawo ta mu gani. Ba ta kuma ce dole in je in fasa wa iyayena komai ba, ta ce sirrinka naka ne, ba kowace gaskiya ce bashi a kanka ba, baki shi ke yanka wuya. Sai muka riƙa gwaji, ita ta zama mahaifiyata ko gwaggo ni in amsa, kuma Allah ya ba ta iya kwaikwayon gwaggo har da tafa hannu da wai so kake in mutu ban ga jikana ba. Amsar da muka tsaya a kai gajera ce, Mama aure ba ya gabana, na yi addu'a a kai kuma hankalina a kwance yake, ki ci gaba da sa min albarka. A maimaita ta ba ƙari ba ragi ba faɗa. Ba ta kashe maganar ba, duk bikin da aka yi a dangi sai an waiwayo ni an ce saura kai, amma yanzu ba na fita daga wurin cikina yana murɗawa.

Maganar waya da dare da abubuwan da mutum ke kallo, ta yi ta ba ihu ba zaro ido. Ta fi damuwa da me ya faru kafin, gajiya ce, fushi ne, ko an dawo daga bikin aboki ne. Ta kuma ja kunnena sosai a kan masu kito, waɗanda ke yaudarar mutum ta intanet su kira shi wani wuri su yi masa duka su ɗauki bidiyo su riƙa tatsar kuɗi, sanin cewa ba zai iya kai ƙara ba. Wannan ma yana cikin dalilin da na ce kar a biyo ni ta bayan fage, ban san ku ba ku ma ba ku san ni ba, kuma duk wanda ya ce muku shine ni ya ba ku adireshi kar ku je. Lokacin da barci ya ƙaurace min na daina cin abinci, ba ta ce in ƙara azumi ba, cewa ta yi wannan ya wuce shawara ka je ka ga likitan ƙwaƙwalwa, akwai a asibitin koyarwa na Shika akwai a Barnawa a Kaduna, kuma ba dole ka gaya masa abun da ba ka so ba, ka gaya masa alamomin kawai.

Yanzu inda wurin ya gaza. Bencin jira a waje yake a baranda, wannan babban kuskure ne ga wuri irin wannan, dan in wanda ke ciki ya wuce lokacinsa sai ka zauna kana addu'a kar wani ɗan cocinku ya ɓullo. Na roƙa a riƙa barin tazarar minti ashirin tsakanin mutum da mutum, an ce za a duba, har yau ana dubawa. Ɗage zama kuma ya yi yawa, yau jana'iza gobe taron zumunta jibi jika ba lafiya, kuma saƙon yakan zo ne kana kan hanya ka riga ka biya kuɗin mota daga Kwangila. In ba wuta a watan Afrilu ɗakin ba ya zaunuwa dan ƙofa da taga a rufe suke saboda sirri. Wani lokaci in aya ta ɗauke ta sai ta koma wa'azi, minti goma sha biyar na kuɗinka ya tafi kana gyaɗa kai. Harkar waya kuma ba ta gane ta sosai ba, kai za ka yi mata bayanin yadda abubuwan suke aiki kafin ta ba ka shawara a kai.

Littattafan da take ba da aro duk na Turawa ne, fastocin Ingila da malaman Amurka masu irin halina da suka zaɓi kamun kai. Akwai amfani a ciki ban musa ba, ko ba komai ka san ba kai kaɗai ba ne a duniya, amma mutumin da zai tsaya a gaban ikilisiyarsa ya faɗi halinsa a tafa masa ya koma ya ci gaba da aikinsa na fasto, shawararsa ba duka take hawa kan rayuwar mai haya a Tudun Wada ba. Za su ce ka gaya wa ƙaramin rukuninku na nazarin Nassi, za su ce ku kama gida ɗaya da aboki ku zauna tsawon rai, nan kuwa maza biyu da suka wuce talatin da biyar a gida ɗaya ba mata, mai gidan haya ne zai fara tambaya kafin maƙwabta. Abun dariyar shine abotar da suke ta rubuta littafi a kai suna tono wani ɗan zuhudu na ƙarni na 12 mai suna Aelred, mu muna da ita a ƙofar gida, majalisa da yamma, aminin da ya fi ɗan'uwa, cin tuwo a kwano ɗaya, maza su riƙe hannu suna tafiya a titi ba wanda ya kalle su, duk da yanzu zargi ya fara cinye wannan ma. Na so a ce Mama ta fi gina shawararta a kan namu, ko ta zauna ta rubuta wani abu da Hausa ko shafi ashirin ne.

Ba ta haɗa taron rukuni, kuma ba za ta haɗa ka da wani mai irin halinka ba ko ka roƙa. Na ji haushin wannan da farko amma dalilinta mai ƙarfi ne. Dokar da Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a Janairun 2014 ta yanke shekara 14 ga auren jinsi, shekara 10 ga kafa ko shiga ko tallafa wa ƙungiya ko taron masu neman jinsi, kuma ba wanda zai tsaya tantance cewa ku taron addu'a da kamun kai kuke yi in aka samu maza shida a ɗaki aka ji abun da ya haɗa su. Dokar ba ta hukunta abun da ke zuciya ba, zaman mutum ɗaya da mai ba shi shawara ba laifi ba ne, amma taron jama'a a unguwa ba ya karanta sashe na kaza kafin ya ɗauki dutse. Dan haka gurbin nan yana nan a buɗe, abun da na fi bukata wato in zauna da wani da ke ɗauke da irin kayana mu yi addu'a tare, wurin nan ba zai ba ka shi ba.

Wa zai amfana? Kirista, mace ko namiji, da ya riga ya zaɓi kamun kai ko yake tunanin zaɓa, da iyayen da suka gano halin ɗansu suna neman wanda zai hana su yin abun da za su yi nadama. Wanda bai yarda da koyarwar gargajiya ba ba za ta kore shi ba kuma ba za ta tona shi ba, amma zai ji matsayinta a fili, kar ya je da tsammanin wani abu daban. 'Yan'uwa Musulmi ta ce tana sauraron kowa sai dai kayan aikinta Littafi Mai Tsarki ne. In maki ake so na ba ta huɗu cikin biyar, ɗayan bencin baranda da ɗage zama suka cinye shi.

Tunda ban ba da adireshi ba, ga abun da za ka iya yi a duk wurin shawarar da ka samu kanka, nan ko Kaduna ko Jos. Ka fara shiga da wata matsala ƙarama ta gaske, rashin barci ko damuwar aiki, ka ga yadda ake riƙe ta. Ka tambaya wa ke ganin littafin da ake rubutu a ciki kuma ko ana kai rahoto ga fasto ko majalisar dattawa. Ka lura ko mai shawarar yana ba ka labarin wasu da bayanin da za ka iya gane su, in ya yi toh kai ma haka za a ba da naka. Ka tambayi ra'ayinsa a kan wanda bai yi aure ba har tsufa, in ya yi dariya ko ya ce Allah ya kiyaye ka biya kuɗin ranar ka kama hanya. In kuma Allah ya sa ita ɗin ka faɗa wa, ka nemi zaman farko na safe kafin rana ta yi zafi kuma kafin benci ya cika, sannan ka riƙe tsabar kuɗi, ba ta karɓar taransfa dan ba ta son sunan kowa ya fito a alat ɗin bankinta.